Sanda Ɗan Kamasho da Layin Butoci

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Bakori, tun daga shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira har wajen shekara goma sha biyar bayan nan, to ya san Sanda ɗan kamasho. In bai riƙe sunan ba, ya riƙe muryar. Dogon mutum ne baƙi mai dogon wuya, da wata hula haɓar-kada da ta sha damina ta sha rani har ba a gane asalin launinta. Ba shi da mota, bai iya tuƙi ba, ko keke ma sai da ya yi aure ya koya. Amma in ya tsaya a bakin ƙofar motar kiya-kiya ya ce wane shiga, wane jira, to ko da rawani ka zo sai ka jira.

Aikin ɗan kamasho dai shi ne ya tara fasinja, ya shirya su cikin mota, ya sallami direba, a ba shi ɗan abin da ya samu. Kowa kuma ya san inda romon aikin yake, wato gidan gaba, kujerar nan ta kusa da direba, inda babu matsi, babu akuya a kan ƙafarka, ga iska tana shigowa. A tashoshi da yawa, wanda ya ɗora wani abu a kan kuɗin mota shi ke zama nan. A wurin Sanda kuwa gidan gaba na mutum uku ne: marar lafiya, mace mai tsohon ciki, da tsohon da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. In babu ko ɗaya cikinsu, sai wanda ya riga zuwa.

To yaya ake sanin wanda ya riga zuwa, alhali ranar kasuwa ba wanda zai zauna cikin mota yana zufa har ta cika? Ai wannan abu ne mai sauƙi a ƙasar nan. Ka zo, ka ajiye hularka ko takalminka ko ƙunshin goronka a kan kujera, ka tafi harkarka. Abin nan da ka ajiye, kai ne. Haka ake yi ko'ina tun kaka da kakanni. A fuloti, wurin awon auduga, buhuna ke bin layi, masu su na gindin bishiya suna hira. A bakin rijiya tuluna ke layi. Ranar rabon taki duwatsu ake jerawa, kowa ya san dutsensa. Ɗan Adam ba ya tsayuwa cikin rana kamar jakin haya alhali yana da abin da zai tsaya masa, kuma taɓa abin da wani ya ajiye daidai yake da ka sa hannu ka ture shi.

Har yau tsofaffin tasha na ba da labarin ranar da wani dillalin auduga, cikin babbar riga mai aska takwas, ya ɗauke faifan wata tsohuwa daga gidan gaba ya jefa baya, ya zauna, ya miƙo wa Sanda naira ɗaya ta taga. Sanda bai karɓa ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dai gaya wa direba cewa lodi bai kammala ba, don akwai faifai ɗaya da bai samu wurinsa ba. Direban kuwa Habila ne, mutumin Tsiga, Kirista ɗan mishan, wanda suka shekara da shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya da Sanda suna tsokanar juna. Habila ya kashe mota, ya zare makulli, ya tafi wurin mai shayi. Fasinja goma sha huɗu suka juyo suka zuba wa mai babbar riga ido. Ba a yi rabin sa'a ba ya sauko da ƙafarsa.

Irin mutumin ke nan da ya tashi zuwa Makka a shekarar 1982, kuma ba don kansa ya tashi ba.

Inna Barakatu ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita ta riƙe shi tun daga yaye bayan uwar ta rasu, ita ta yi masa aure. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekara talatin tana murza tunkuza, ribar ta zama kaji, kajin suka zama tumaki, tumakin suka zama bijimai biyu, duk a kan niyya guda. Niyyar na gab da cika sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma ya rage kamar mai leƙe ta cikin mayafi. Ta kira Sanda ta ce masa bana za ta tafi, don so take ta ga Ɗakin Allah da idonta.

"In aka kai baɗi," in ji ta, "ko an kai ni sai dai in shafa."

Mace ba ta tafiya ba muharrami, ita kuwa ba ta da kowa sai shi. Sanda ya sayar da masarar rumbu biyu da gonarsa ta bakin rafi, ya biya tasa kujerar.

Habila ne ya kai su, su da sauran maniyyatan Bakori, motarsa a gaba wasu biyu na biye, ya kuma rantse ba zai karɓi ko kwabo daga hannun Inna ba. Shi ya saba kai alhazai sansani duk shekara, ya san abin da ke can. Tun daga Funtuwa yake ja wa Sanda kunne: can ba tashar Bakori ba ce, ya rufe bakinsa ya buɗe aljihunsa, in an ce kawo ya kawo, in ya dawo lafiya sai ya zo ya yi musu wa'azin a nan. Sanda ya ce shi dai ya kula da ramukan hanya, me ɗan mishan ya sani game da tafiyar Makka? Mutanen da suka bar gidajensu suka nufi Ɗakin Allah, wane marar tsoron Allah ne zai tsaya yana sayar musu da layi? Habila ya ce to, Allah ya sa haka, shi dai agogo yake so tsaraba, mai nuna kwanan wata.

Kwana tara suka yi a sansani can birni, cikin ruwan Satumba da sauro, ana allura, ana buga wa fasfo hatimi, ana auna akwatuna ana wucewa da su. Kusa da tabarmarsu akwai wata mata mutuniyar Danja, Maijidda, ita da mijinta. Ita ke riƙe hannun Inna ta kai ta bayan gida, ta dawo da ita, har suka saba kamar uwa da 'ya. Ran na goma aka kwashe su duka zuwa wata doguwar rumfar kwano a gefen filin jirgi. Gaban rumfar shingen ƙarfe ne mai babbar ƙofa ɗaya, bayan shingen kwalta ce shimfiɗe, can nesa kuma inda jirgi ke tsayawa. Aka raba wa kowa kati. Aka sanar ta lasifika cewa jirage uku suka rage, ɗaya yau, ɗaya gobe, ɗaya jibi, daga nan can ƙasa mai tsarki za su rufe filinsu, wanda bai tashi ba sai wata shekara. Sanda ya tambayi mutum nawa jirgi ke ci, aka gaya masa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana shirya fasinja, kallo ɗaya ya yi wa rumfar ya san mutanen da ke cikinta sun fi ƙarfin jirgi uku.

Nan ne Maiwada ya ɓullo. Gajere ne mai tumbi, da riga da wando irin na ma'aikata, da baƙin tabarau, da fayil a hammata wanda ba a taɓa ganin ya buɗe ba. Ba wanda ya san wa yake yi wa aiki, amma masu gadin ƙofa da hannu biyu suke gaishe shi. Kowa Alhaji ne a bakinsa, kowa Hajiya. Ya riƙa bin tabarmi ɗaya bayan ɗaya yana bayani da tattausar murya kamar mai tallar maganin basir. Akwai benci a ƙarƙashin fanka ga wanda ya gaji da tabarma, naira biyu. Akwai masu ɗaukar jaka har bakin jirgi, naira biyar. Sa'an nan akwai babbar, wadda ya kira layin gaba, naira talatin, a shigar da mutum ta wata 'yar ƙofa a gefe kafin a buɗe wa jama'a. Ya ce ba cin hanci ba ne, Allah ya kiyaye, sauƙaƙawa ce ga baƙin Allah, kuma ba dole.

Da ya iso tabarmarsu, Sanda ya tambaye shi ko kujerar da suka biya tun kafin azumi ba ta cikin jirgin ba ce. Maiwada ya ce ta ciki ce mana. Sanda ya ce to wannan kuma kuɗin mene ne? Ya ce na isa wurin kujerar ne. Sanda ya nuna masa Inna, ya ce wannan tsohuwa ba ta gani sosai, a tasharsu irinta ake fara sakawa kafin kowa, ko ba ta da anini. Maiwada ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, ya yi mata addu'ar Allah ya ƙara lafiya, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce ita ma talatin ne.

Ran Sanda ya ɓaci. Ya tara mutanen Bakori, su arba'in da ɗaya, ya ce kada wanda ya ba wannan ɗan tumbin ko sisi. Su ba baƙin layi ba ne. Ga ƙofa, ga su, kuma su suka riga kowa tashi daga tabarma. Ya ce kowa ya kawo butarsa. Da hannunsa ya jera su tun daga bakin ƙofar shinge, ta Inna a gaba, wata tsohuwar butar ƙarfe mai ɗaurin jan zare a wuya, sai na sauran tsofaffi, sai na mata, sai na majiya ƙarfi, tasa a can ƙarshe. Kafin hantsi ya yi zafi layi ya miƙe sambal, gwanin sha'awa. Mutanen Danja da na Tsiga da suka gani suka kawo nasu suka ɗora a baya ba tare da an ce musu komai ba. Waɗansu mutanen birni kuma suna wucewa suna kallo suna murmushi, Sanda ya ɗauka yabo ne.

Aka kira azahar jirgi bai ko sauka ba. Suka yi alwala a bakin famfo, suka tafi masallacin da ke bayan rumfa gaba ɗayansu, hankali kwance, tunda kowa ya bar kansa a layi.

Suna raka'a ta biyu suka ji rurin jirgi yana sauka. Ba wanda ya motsa. Limamin kuma irin masu natsuwar nan ne, bayan sallama ya ja doguwar addu'a. Ko da suka zagayo gaban rumfa, babu layi babu alamarsa. Mutane ne cunkus a jikin shinge, ƙirji da baya, ko allura ba ta samun wurin faɗuwa. Butocin kuwa mai shara ya tattara su ya tula a lungu kusa da kwandon juji, ta Inna a kife, ruwanta ya tsiyaye. Ta 'yar ƙofar gefe kuma ga mutanen Maiwada suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, masu ɗaukar jaka na biye da su.

Sanda ya kutsa da kafaɗa har ya kai ga wani mai gadi, ya tambaye shi wa ya taɓa musu layi, su ne na farko tun safe, ga shaidu. Mai gadin ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba, buta tana da fasfo ne?"

Waɗanda ke kusa suka yi dariya. Da la'asar jirgi ya tashi, babu mutumin Bakori ko ɗaya a ciki.

Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Ba wanda ya ce masa uffan. Suka tsuguna a lungu suna tsintar butocinsu, ana 'yar gardama a kan wace ce ta wa, kowa na kauce wa idonsa. Kafin magariba kuma ya riƙa ganinsu suna zamewa ɗaya-ɗaya zuwa wajen benci mai fanka, har da waɗanda da safe suka fi kowa rantsuwa. Inna dai abu ɗaya ta tambaya, ko jirgin da ta ji ya tashi nasu ne. Ya ce akwai na gobe.

Washegari bai aiki buta ba, da kansa ya tsaya. Ana idar da asuba ya manna ƙirjinsa a jikin babbar ƙofa, ya zaunar da Inna a kan jakarta tsakanin ƙafafunsa, ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ranar ko famfo bai je ba, da alwalar asuba ya yi azahar a inda yake. Jirgi ya sauka. Aka buɗe 'yar ƙofar gefe. Yana tsaye yana kallonsu ta tsakanin ƙarafa: samari majiya ƙarfi da rediyo a kafaɗa, 'yan kasuwar da ke zuwa duk shekara saro kaya, matan manya da masu riƙe musu lema, sai can ga maƙwabtansa na Bakori, kowa ya sunkuyar da kai. Maijidda da mijinta ba su ciki, su ma ba su biya ba. Aka yi ta wucewa, aka yi ta wucewa, sa'an nan lasifika ta ce jirgi ya cika. Ita babbar ƙofar da ya wuni yana runguma, ko kwaɗonta ba a taɓa ba.

A nan Sanda ya saki muryar nan tasa da ke cika tashar Bakori ranar kasuwa. Ya tambaye su ko su ba a haife su ba ne, ko ba su da tsofaffi a gida. Ya ce ko lodin shanu ba a yi haka, ko buhun masara wanda ya riga isowa shi ake fara ɗorawa. Ya ce wace irin ƙasa ce wannan da mutum zai sayi wuri, sa'an nan a sake sayar masa da hanyar zuwa wurin. Gaskiya ya faɗa tsantsarta, kuma ba ta amfana masa komai ba. Wani mai kaki ya zo ya ce in bai yi shiru ba za a karɓe katinsa. Yana shirin ba shi amsa ya ji ana jan ƙafar wandonsa.

"Sanda, zauna," in ji Inna.

Ya tsuguna.

"Ni ban hana ka gaskiyarka ba, ɗan nan. Amma idon nawa ne."

Daga nan ya miƙe ya tafi neman Maiwada.

Ya same shi a benci ƙarƙashin fanka yana cin tsire. Kuɗin ya tashi, yanzu hamsin-hamsin ne, don saura jirgi ɗaya. Sanda ya kwance lalitar guzurinsu ya zaro ya miƙa, bai yarda sun haɗa ido ba. Maiwada ya goge yatsu, ya ba shi wasu 'yan guntayen kwali biyu masu shuɗin tambari, ya ce ai da Alhaji ya yi haka tun jiya da yanzu yana Jidda yana shan iska. Mutumin da bai taɓa sayar da kujera ba, yau ga shi ya sayi layi. Ranar bai iya cin komai ba, ko furar da Maijidda ta dama ta miƙo masa bai taɓa ba.

To ka ji inda abin ya fi ciwo. Ran na uku da ya kama hannun Inna suka nufi 'yar ƙofar gefe, sai ya tarar da rumfar gaba ɗaya ta koma can. Kowa da shuɗin kwalinsa a hannu. Maijidda da mijinta, tsofaffin Tsiga, duk wanda ya rage, kowa ya biya, kowa ɗan layin gaba ne, mutum sama da ɗari huɗu a bakin ƙofar da mutum ɗaya ke wucewa a karkace. Can gefe kuma wata 'yar farar mota tana ɗibar waɗansu mutane masu jan kwali tana kai su har gindin jirgi, ba su ko taka kwalta. Sanda ya hango Maiwada yana saka su ciki, ya je ya riƙe hannun rigarsa ya nuna masa shuɗin kwalin, ya ce ba wannan ne ya ce gaba ba?

"Shi ne, Alhaji," in ji Maiwada. "Amma ai gaba ma tana da gaba."

Ya zame hannunsa ya shiga motar ya rufe. Wannan ne ganin ƙarshe da aka yi masa.

Da jama'a suka gane abin da aka yi musu sai shingen ya fara lanƙwasa. Masu gadi suka ga ba za su iya ba, suka buɗe ƙofofin duka biyu suka koma gefe. Wani ya ɗaga murya ya ce sauran kujeru na wanda ya riga isa ne. Shi ke nan. Dattawa masu furfura suka tattare riguna suka zuba a guje kamar yaran da aka tasa daga makaranta. Jakunkuna suka fashe, garin kuka da yaji da ƙuli-ƙuli suka watse a kan kwalta, mata na faɗuwa ana tsallake su. Baƙin Allah ke nan, waɗanda aka ce ana sauƙaƙa wa.

Daga shinge zuwa jirgi ya kai nisan tasha zuwa fuloti. Sanda ya dubi Inna, ya dubi jirgin, ya yar da jakunkunansu, ya juya mata baya ya durƙusa ya ce ta hau. Ta ce ba ta hawa, a gaban maza? Bai tsaya jin sauran ba, ya kama hannayenta ya ɗora a wuyansa ya miƙe da ita. Shekararsa hamsin da uku a lokacin. Ita kuwa ba ta fi damin kara nauyi ba.

"Sauke ni, ana kallonmu," in ji ta a kunnensa.

"Ba mai kallon kowa, Inna. Riƙe ni."

Dogayen ƙafafun nan suka yi ranarsu. An yi ruwa da safe, kwaltar na santsi, takalminsa ɗaya ya fita, ya watsar da ɗayan. Ya wuce masu ƙiba, ya wuce masu kaya, sau ɗaya gwiwarsa ta kai ƙasa ya tashi bai sake ta ba. Ko da ya kai gindin matakalar jirgi ƙirjinsa kamar an hura wuta. Wani ma'aikaci na tsaye a nan yana ƙirga masu hawa. Mijin Maijidda ya wuce, Maijidda ta wuce, wani ya wuce, sai ma'aikacin ya gitta hannu a gaban Sanda ya ce saura ɗaya.

Sanda ya ce su biyu ne. Ya ce tsohuwar ba ta gani, shi ne muharraminta. Ya nuna kati, ya nuna shuɗin kwali. Mutumin bai ko dubi takardun ba, ya ce ɗaya, in ba su so akwai mai so. Akwai kuwa, don wani ƙato ya riga ya sunkuyo zai kurɗa ta ƙarƙashin hammatarsa. Sanda ya kama ƙarfen matakala dama da hagu ya toshe hanyar da jikinsa, ana dukan bayansa ana ja masa riga. Ya sauke Inna a kan matakin farko. Ya ciro fasfonta ya danƙa mata, ya cire lalitar guzuri daga wuyansa, da nata da nasa duka, ya rataya mata. Ya ɗaga kai ya kira Maijidda, ta sauko mataki uku ta miƙo hannu. Ya ce mata ga amana.

Inna ta riƙe hannun rigarsa. "Kai fa?"

"Ina bayanki, Inna. Hau."

Ta hau. Aka ja matakala, aka rufe ƙofa. Ya tsaya ba takalmi cikin mutum fiye da ɗari, wasu na kuka wasu na zagi, har masu kaki suka zo suka kora su baya kamar tumaki.

A bayan wata motar masara ya dawo Bakori. Akwatinsa da aka auna tun a sansani ya riga ya tafi, don haka 'yan tasha suka ce akwatin Sanda ya sauke farali, saura mai shi. Wasu suka laƙa masa Alhaji Saura Ɗaya, sunan ya bi shi har ya mutu. Habila kaɗai ne bai ce komai ba. Mako guda cur bai tsokane shi ba, sai dai ya sayo shayi ya ajiye masa ya koma mota, kuma Sanda ya ce wannan shirun ya fi masa duk tsokanar zafi. Maganar kujerarsa kuwa, an ce ya dawo baɗi, baɗi aka ce takardu sun canja, kuɗin tafiya ya yi tashin gwauron zabo, gona kuma ta riga ta tafi. Bai taɓa shiga jirgi ba.

Bayan mako biyar Maijidda da mijinta suka kawo Hajiya Barakatu har ƙofar gida, ta rame ta yi baƙi, bakinta bai rufuwa. Gida ya cika da 'yan barka. Sai da aka ɗan sarara ta sa aka kira mata Sanda cikin ɗaki. Da farko faɗa ta yi masa, ta ce shi da girmansa ya dubi tsabar idonta ya yi mata ƙarya, har jirgi ya tashi tana juyawa tana kiran sunansa. Sa'an nan ta kama hannunsa.

"Na gani, Sanda. Da idon nan na gan shi. Baƙi ne wuluk, da ɗamarar zinariya a sama. Na zauna na yi ta kallo har aka ce in tashi."

Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa alhamdu lillahi, ya goge fuska da hularsa.

Tana cikin ba shi labarin tafiyar, da yadda kunnuwanta suka toshe, da abincin da aka kawo cikin 'yan kwanonin da ba su ƙosar da kyanwa, sai ta kawo wata magana wadda ita ba ta ɗauke ta komai ba. Ta ce da aka shigar da ita, ta wajen gaba aka bi da ita, tana dafa kujeru don kada ta faɗi. Na wajen manya ne, masu laushi. Ta dafa ta farko ta ji ba kowa, ta zauna, wata yarinya mai kayan aiki ta tashe ta ta ce nan ba nata ba ne. Ta dafa ta gaba, ba kowa. Haka ta yi ta dafawa har guda shida, ta bakwai kuma jakar wani ce zaune a kai. Ta ce wa yarinyar ɗanta na ƙasa, ga wuri, a kira shi. Yarinyar ko ba ta jin Hausa ko ta yi kamar ba ta ji, ta ja labule ta tura ta baya.

Sanda ya ce ta sake faɗa, nawa?

"Shida. Ban da mai jakar."

Ya zauna a bakin gadonta yana kallon ƙafafunsa, har aka leƙo aka ce mutanen Tsiga sun iso suna zaure. Ya tashi ya ɗauki kwanon dabino ya fita ya raba musu.

Kafin ruwan wata shekara ya sauka idon Hajiya na dama ma ya rufe ruf. Ba a taɓa jin ta yi kuka da shi ba. In mata suka zo yi mata jaje sai ta ce su bar jajen, su zauna ta gaya musu yadda Ɗakin yake.